Burodin Bi-Sannu da Tsuntsun da Baba Bai Sani Ba

Mijin yayata direban babbar mota ne, shekara ashirin da shida yana kan hanya. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Bi-Sannu, domin tunda yake bai taɓa yin tsere da kowa ba. In mota ta matsa masa daga baya, sai ya ja gefe, ya fito da hannu ta taga ya ce a wuce. Sunan ya biyo shi har gida. 'Ya'yansa mata biyu a bayan idonsa suke faɗa, ni kuwa a gabansa nake kira, tunda ƙanwar mata ce ni, ba abin da zai yi mini.

Na zauna a gidansu shekara uku, lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu da ke kusa da su. Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki uku da falo da ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Yaya malamar firamare ce. Babbar 'yarsu tana makarantar koyon jinya a wani gari, ƙaramar tana sakandare, da ita muke kwana ɗaki ɗaya. Ɗakin da ke kusa da falo na Baba ne, mahaifin Bi-Sannu, wanda aka ɗauko bayan rasuwar matarsa.

Baba tsohon malamin daji ne. Ya yi fiye da shekara talatin yana gadin gandun daji kafin ya yi ritaya. A lokacin da na san shi yanar ido ta riga ta rufe masa idanu duka biyu, haske da duhu kawai yake bambancewa. Likita ya sha faɗa cewa aikin ba shi da wuya, amma Baba ya kafe.

"Ba wanda zai kusanto idona da wuƙa," in ji shi. "Abin da zan gani na gama gani."

Wuni yake yi a kujera kusa da taga, hannuwansa bisa gwiwa. Tsakaninsa da ɗansa kuwa gaisuwa ce kawai. Bi-Sannu zai durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Baba ya ce, "Lafiya lau, Direba." Shi ke nan sai gobe. Yaya ce ta gaya mini dalili. Baba ya so ɗansa ya gaje shi a aikin daji, har ya nema masa gurbi, yaron ya gudu ya zama yaron mota. Wannan bai ɓata wa Baba rai ba kamar abin da ya ji daga baya, cewa ɗan nasa gungumen katako yake jigila daga daji zuwa injin yanka. Ba su taɓa yin faɗa a kai ba. Maganar ce dai ta ƙare a tsakaninsu.

Wata safiya Bi-Sannu ya sauko daga mota bayan tafiyar kwana uku, ya kasa miƙewa. A duƙe aka kawo shi gida. Aka yi hoton bayan a asibiti, aka yi magani, likita ya ce ƙashin bayansa ba zai sake ɗaukar dogon zama a kujera mai jijjiga ba. Kamfanin ya sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, gida ya koma kan albashin Yaya da ɗan abin da nake kawowa.

Da ya samu sauƙi sai ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da bai taɓa yin sati cur a gida ba, ko inda ake ajiye cokali bai sani ba. Ya ɗaure duk wani noti da ke gidan. Ya kwance famfon banɗaki da lafiyarsa, ya mayar, famfo ya fara ɗiga. Yaya ta roƙe shi don Allah ya ƙyale mata keken ɗinkinta. Aiki ɗaya ya rage masa, shi ne ya sauka kowace safiya ya sayo burodin karin kumallo a shagon da ke bakin titi.

Ranar da abin ya fara, ya hawo da burodin a hannu yana jujjuya shi. An sake ƙara kuɗi, karo na uku ke nan tun zamansa a gida.

"Malama," ya ce da Yaya, "ko dai hannuna ne ke ƙara girma, ko burodin nan ne ke ramewa."

Ya matse shi a tafin hannunsa, burodin ya koma kamar dunƙulen auduga.

"Iska muke saye. Wai me ake sawa a ciki ne?"

Yaya tana ɗaura ɗankwali tana duban agogo, ta ce, "Fulawa, ruwa, yis, gishiri, sukari, ɗan mai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To me ya hana mu yi da kanmu?"

"Lokaci, Baban yara."

Ya ce, "Ni kuwa shi kaɗai gare ni yanzu."

Murhun gas ɗin Yaya yana da tanderu a ƙasa, amma tun da aka saye shi ba a taɓa kunna shi ba. Murafen tukwane da tsofaffin faranti ake cusawa a ciki. Bi-Sannu ya kwashe su, ya kwanta a ƙasa da tocila a baki kamar yana ƙarƙashin mota, ya bi ramukan wutar ɗaya bayan ɗaya da allura. Kafin azahar wuta ta kama, shuɗiya, a jere. Ya kira ni in gani. Tun da ya bar aiki ban ga fuskarsa haka ba.

Burodin farko dai ba a magana. Ya kwaɓa yis da ruwan da ya tafasa, a ganinsa hakan zai sa ya yi saurin tashi. Abin da ya fito daga tanderu ya yi nauyin bulo. Na ce masa, "Direba, ka adana wannan, in mota ta tsaya a gangare sai a sa mata a ƙarƙashin taya." Aka kai wa Baba nasa da shayi. Ya laluba, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne.

"Wannan itacen ya bushe sosai," ya ce. "Zai yi ƙyaure."

Ƙaramar 'yar ta fita da gudu tana toshe baki. Ni ban taɓa jin Baba ya yi raha ba sai ran nan.

Na biyu ya ƙone a waje, cikinsa ɗanye. Na uku gishiri ya yi masa yawa. Yaya ta dubi yadda fulawa ke tafiya ta ce, "Baban yara, wannan tsimin naka ya fi saye tsada." Washegari ya tafi kasuwa wurin matar da yake sayen fulawa a hannunta, wadda ta taɓa aiki a gidan burodi. Ta saurare shi har ya gama, ta yi dariya son ranta, sannan ta koya masa. Ruwa ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri. Kada gishiri ya haɗu da yis kai tsaye. Ya murza kwaɓin har sai ya yi laushi irin na fatar kunne. In ya rufe shi, ya tafi ya ba shi wuri.

Murzawar ba ta ba shi wuya ba. Ya sa katako a ƙarƙashin ƙafafun tebur ya ɗaga shi daidai ƙugunsa don kada ya duƙa, hannuwan da suka saba da sitiyarin gingimari kuwa ba su ɗauki kwaɓin fulawa a bakin komai ba. Jiran ne ya gagare shi. Bayan kowane minti biyar sai ya ɗaga ƙyallen ya leƙa.

Ranar Laraba ba na zuwa shago, don haka a gabana aka yi. Na ce masa, "Kai da ake kira Bi-Sannu? Je ka falo ka kunna talabijin, in an gama shiri ɗaya ka dawo."

Ya je ya shimfiɗa bargo a ƙasa, ya kwanta da matashi a ƙarƙashin gwiwoyinsa kamar yadda likita ya ce, ya yi ta canza tasha. Labarai ba daɗin ji, wasan kwaikwayo bai dame shi ba. Can ya faɗa wata tasha da ke nuna namun daji dare da rana, da harshen da rabi kawai yake ganewa. Ana nuna garken giwaye suna ƙetare kogi, an sa ƙaramin a tsakiya. Ya ajiye rimot. Da shirin ya ƙare, kusan awa guda, ya shiga kicin ya tarar kwaɓi ya ɗaga ƙyalle ya yi tozo. Burodin ran nan shi ne na farko da aka cinye ba tare da an jiƙa shi a shayi ba.

Daga nan abin ya zauna. Laraba da Asabar yake gashi, gwangwani huɗu a lokaci guda don kada gas ya tafi a banza. Shiri ɗaya na tashin farko, sai ya buge kwaɓin ya raba a gwangwanaye, shiri na biyu na tashi na biyu. Da farko agogo ya mai da talabijin ɗin, amma ba a jima ba ya koma kallo ko ba ranar burodi ba.

"Ƙanwa," ya ce da ni wata rana, "shekara ashirin da shida ina ratsa daji. Wallahi ban ga komai ba sai kwalta da bayan motar da ke gabana."

Wata Laraba muna falo, shi a ƙasa ni ina guga, sai talabijin ya fara wani kuka mai zurfi, kamar ana busa a bakin tulu. Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Muka ji muryarsa.

"Burtu ne wannan."

Bi-Sannu ya ɗauka ƙarar ce ta dame shi, ya yi sauri ya rage.

"Ƙara," in ji Baba. "Su biyu ne, namiji da mace, suna amsa wa juna. Da sassafe aka ɗauki wannan."

Muka dubi talabijin. Ga baƙaƙen tsuntsaye biyu manya suna takawa cikin ciyawa, rana tana fitowa a bayansu. Kafin mu ce wani abu sai ga Baba yana dafa bango, yana lalube, har ya iso kujera mai cin mutum biyu ya zauna. A iya zamana a gidan, falo hanya ce kawai a wurinsa.

"Me suke yi yanzu?" ya tambaya.

Bi-Sannu ya dube ni, na ci gaba da gugata.

"Ɗaya ya kama wani abu, Baba. Kamar ƙadangare."

"Bai haɗiye ba, ko? Zai riƙe shi a baki ya kai gida. Akwai ɗa a kogon bishiya."

Haka kuwa aka yi. Bi-Sannu ya tashi zaune yana kallon mahaifinsa, ya manta da talabijin ɗin.

Tun daga ranar, da zarar Baba ya ji an rufe kwano da ƙyalle, sai ya fito. Ɗan ya faɗi abin da yake gani, uban ya faɗi abin da ake ciki. Matsalar ita ce Bi-Sannu bai iya kwatanta komai ba sai da kayan mota. Karkanda a wurinsa tanka ce mara taya. Dorina in ta buɗe baki, an ɗaga bonet. Raƙumin dawa in zai sha ruwa, ya ce jak ya karye. Baba ya yi tsaki ya gyara masa. Shi kuwa da kunne yake kallo. Zai ji kukan carki ya ce, "Akwai ɓauna kusa," kafin a nuno ta. Zai ji birai sun ɗauki ihu ya ce damisa ce ke wucewa a ƙasa, ba maciji ba, ihun maciji daban ne.

Wani lokaci kuma a tafi inda Baba bai taɓa sani ba. Ranar da aka nuna ƙasar ƙanƙara da tsuntsayenta masu tafiya a tsaye, Bi-Sannu ya ce suna kama da ma'aikatan banki an tashi daga aiki. Baba ya tambayi irin bishiyoyin wurin.

"Babu bishiya, Baba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Fari ne fat har iyakar gani."

Baba ya jinjina kai. "To su malaman dajinsu me suke gadi?"

Sannu a hankali ya shiga harkar burodin ma. Aka riƙa kawo masa kwanon ya danna yatsa, ya jira, ya shafa wurin. In ramin ya cike da sauri ya ce, "Da saura." Gashi kuwa da hanci yake sani. Yana zaune a falo zai ce, "Direba, na gefen hagu ya fara yi, juya su." Ƙamshin yakan bi matakala har hawa na huɗu. Matar telan da ke samanmu ta sauko ta ce a riƙa sayar mata. Yaya ma ta ga kamar hanya ce ta buɗe. Bi-Sannu ya yanka wa matar rabin burodi ya ba ta kyauta, ya kuma ce in tana so ta zo ranar Asabar ta koya, amma ba zai sayar ba.

"In na fara sayarwa zan fara sauri," ya ce da Yaya. "In na fara sauri kuma irin na shago zan yi."

Akwai wata Asabar da ba na mantawa. Shirin ya fara da birai, sai aka koma nuna yadda ake sare dajin da suke ciki. Ƙarar injin zarto ta cika falon, sannan ƙarar faɗuwar babbar bishiya. Wannan ba ya bukatar a gaya wa Baba. Aka nuno motoci a jere ɗauke da gungume. Bi-Sannu bai kwatanta komai ba. Na so in tashi in ba su wuri, amma tashin zai fi zaman nauyi.

"Motoci ne?" in ji Baba.

"Motoci ne."

Sai Bi-Sannu ya juyo wajen mahaifinsa.

"Shekara huɗu na yi ina ɗaukar irin wannan, Baba."

"Na sani."

"Lokacin an haifi babbar, ba wani aikin."

Baba ya shafa gwiwarsa. "Motar da ta fita da katako, sai da wani ya buɗe mata shinge. Ni ma na sha buɗewa. Takarda za a kawo daga sama da hatimi, in karanta, in san ba daidai ba ne, in ɗaga ƙarfen." Ya juya fuskarsa wajen kicin. "Je ka duba kwaɓinka, ina jin ya kai."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Amma da yamma na ga Bi-Sannu zaune a bakin gadon Baba yana yanke masa farce, suna gardama a kan ko kura tana iya kashe zaki.

Bayan wata biyu da wannan aka zo kan tsuntsun. Shiri ne a kan wani daji mai yawan ruwan sama a can wata nahiya. Ana cikin tafiya sai aka ji wani kuka, siriri, kamar an buga ƙaramin ƙarfe a nesa, sai ya gangaro ya ƙare da wani abu kamar ɗigar ruwa a kwalba. Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Kukan ya sake zuwa.

"Wannan fa?" ya ce. "Ban san shi ba. Yaya yake?"

"Tsuntsu ne dai, Baba."

"Na san ba jaki ba ne. Girmansa?"

"Kamar filtar man mota."

"Bakinsa fa? Dogo ne ko gajere? A miƙe ko a lanƙwashe?"

Bi-Sannu ya matsa kusa da talabijin. "Baki ne dai irin na tsuntsaye."

"Launinsa?"

"Shuɗi."

Na ce, "Kore ne, Baba."

Ƙaramar 'yar, da ta dawo daga makaranta ko jaka ba ta ajiye ba, ta ce ita baƙi ta gani mai sheƙi. Kafin mu daidaita an wuce wurin kwaɗi. Mai bayani ya faɗi sunan tsuntsun, amma ba wanda ya kama.

Baba ya jingina da kujera. "Mutum uku, ido shida, an kasa gaya mini tsuntsu ɗaya."

Mun yi dariya, shi bai yi ba. Kwana biyu yana zaune a bakin tagarsa, lokaci lokaci mu ji yana gwada kukan da fito, a hankali, yana gyarawa. Ranar Litinin da safe Yaya ta shiga gaishe shi kafin ta fita, sai ya ce, "Malama, wannan likitan idon yana nan kuwa?"

Yaya ta ce yana nan. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, don kada ya canza ra'ayi. A kan matakala ta kira asibitin.

Aka ba da rana bayan sati uku, ido ɗaya za a fara. Da safe muka je. Bi-Sannu ya tafi da burodi biyu a leda ya ba ma'aikatan jinya, ya ce na shayinsu ne. Bayansa ba ya barin shi zama a benci, don haka ya yi ta kai da kawowa a baranda har mai shara ta ce ya tsaya gefe ɗaya ta goge. Aikin bai kai awa ba. Aka fito da Baba da bandeji, yana faɗin ai bai ji komai ba, kamar ba shi ne ya shekara shida yana ƙi ba.

Washegari aka cire bandejin. Baba ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba saboda haske. Ya dubi hannunsa, ya dubi likita, sannan ya juyo kan ɗansa da ke tsaye a ƙarshen gado. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe ka yi furfura haka?"

"Ai an jima, Baba."

"Matso."

Bi-Sannu ya matso ya sunkuyar da kai iyakar yadda bayansa ya bari. Baba ya ɗora hannu a kan gashin, ya bar shi a wurin. Yaya ta juya tana neman wani abu a jakarta wanda ba ta samu ba. Da ya ɗago sai idonsa ya faɗa kaina.

"Ke ce ƙanwar?"

"Ni ce, Baba."

"Muryarki ta fi ki girma."

A gida ya bi ɗaki ɗaki yana duba inda ya shekara huɗu a ciki. Ya ce labulen falo bai yi ba. Aka kawo masa burodi, ya ɗaga shi ya jujjuya, ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, saman ya tsage a karkace. Ya ce da ya san haka kamarsa take da ya riƙa ci da hankali. Ya cinye nasa ya nemi ƙari.

Tsuntsun kuwa ya ƙi dawowa. Tashar tana maimaita shirye-shirye, amma ba a san ranar da za a sako wanne ba. Jikarsa ta yi ta nema a waya, sai dai abin da ba ka san sunansa ba neman sa wahala ne. Ta nuna masa tsuntsaye sun fi hamsin, kowanne ya saurari kukansa ya girgiza kai. Aka yi wata huɗu. Har mun daina zancen.

Wata Laraba da hantsi, Bi-Sannu yana kicin hannunsa dumu-dumu da fulawa, ni ina shanya a baranda, sai muka ji Baba ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ku zo." Muka tarar ya jawo kujera har gaban talabijin, ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu. Tsuntsun yana kan reshe a jiƙe da ruwa. Da ya juya wajen haske ya zama shuɗi, da ya karkata ya zama kore, da ya shiga inuwa ya koma baƙi. Ya ɗaga kai, maƙogwaronsa ya kumbura, ya yi kukan nan. Duka bai fi minti ɗaya ba.

"Ashe ƙarami ne," in ji Baba.

"Na ce maka kamar filtar mai."

"Bakin gajere ne, a ɗan lanƙwashe. Mai cin 'ya'yan itace ne." Ya sauke hannunsa. "To. Na gan shi."

A wannan karon ma ba mu kama sunan ba, Baba kuma bai tambaya ba.

A ƙarshen shekarar aka buɗe sabon reshen shagonmu a wani gari aka tura ni can, na bar gidan. Kafin in tafi Bi-Sannu ya samu aiki a wata makarantar koyon tuƙi, safiya uku a sati, zaman da bai wuce awa ɗaya ba a lokaci guda. Likita ya ce tafiya a ƙasa za ta taimaki bayansa, don haka kullum bayan la'asar shi da Baba sukan sauka su bi ta bayan gidajen har bakin wata babbar magudanar ruwa inda akwai 'yan bishiyoyi. Baba ya ce ya ƙirga tsuntsu iri goma sha ɗaya a wurin, a tsakiyar gari, kusa da inda ake wanke motoci.

Shekaranjiya muka yi waya da Yaya. Ta ce fulawa ma ta yi tsada yanzu, rangwamen da ake samu bai kai na da ba, amma ba wanda zai iya cin burodin shago a gidan, har babbar in ta zo hutu da biyu take komawa. Matar tela ta koya, nata ya fi na Bi-Sannu kyan gani, abin yana ɗan ci masa rai. An ba Baba ranar aikin ido na biyu a wata mai zuwa. Ya ce in an gama yana son madubin hangen nesa irin wanda ya taɓa riƙewa a wurin aiki, mai igiyar ratayawa a wuya. Bi-Sannu ya zaga kasuwar 'yan gwanjo sau biyu bai samu mai kyau ba, ya ce in tambaya masa a nan garin namu ko za a dace.